An cire wa maigidana ƙari a ƙeya, an ce na gado ne: sai an duba yara?

"Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ni mazauniyar Maradi ce. Maigidana shekarunsa 41. Bara ya yi fama da ciwon kai da amai da sassafe, yana tangaɗi in zai yi tafiya, har aka kai shi Yamai aka yi masa aiki a ƙeya, aka cire ƙari. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, ya koma kasuwa. A takardar da aka ba mu an rubuta hémangioblastome, kuma likitan da ya yi aikin ya ce yana zargin ciwon gado ne mai suna VHL, a duba yara. Mahaifinsa ya rasu bai kai 50 ba, da irin wannan ciwon kai. Ƙanwarsa kuma idonta ɗaya ya mutu tun tana budurwa. Aurenmu na zumunci ne, mahaifina wan mahaifinsa ne. Wasu cikin dangi na cewa auren gida ne ya jawo, wasu na cewa jifa ne. Ƴaƴana huɗu, abokiyar zamana na da biyu, babbar ƴata shekarunta 19 kuma an fara neman aurenta. Tunda an cire abin kuma ya warke, dole ne sai an duba yaran da ke lafiya lau? Kuma ciwon zai iya dawo masa?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya jiƙan surukinki. Abin da kike son sani guda uku ne: ko aikin da aka yi ya kawo ƙarshen ciwon, ko aurenku ne sanadi, da kuma ko akwai dalilin kai yaro asibiti alhali yana cin abincinsa yana wasansa. Zan bi su a hankali, amma ki riƙe wannan tun yanzu: a duba yaran, duka shidan, har da ƙanwar maigida, ita ce ma ya kamata ta riga kowa.

Ban ga maigidanki ba, ban ga hotunan kansa ba, saboda haka ba ni da ikon yanke cewa lalle VHL ce. Wajen kashi uku cikin huɗu na mutanen da ake cire wa irin wannan ƙari ba gadonsa suka yi ba, ya fito ne haka kawai, an cire, magana ta ƙare. Amma ƙa'idar da muke bi ita ce, idan an tabbatar da ciwon a cikin dangi, ƙari ɗaya tak ya isa a ce mutum na da shi. Uba da ya rasu da ƙuruciya da ciwon kai irin wannan, da ƙanwa da ido ya mutu mata tun tana budurwa, sun isa su sa kowane likita ya yi zargin da abokin aikina na Yamai ya yi. Ni ma da haka zan ɗauke shi har sai awo ya nuna saɓanin haka.

Mene ne wannan ƙari

Cikakken sunan ciwon VHL shi ne von Hippel-Lindau, sunayen likitoci biyu ne. Eugen von Hippel likitan ido ne Bajamushe, wanda a 1904 ya bayyana wani dunƙulen jijiyoyin jini da yake gani a can cikin idon marasa lafiyarsa. Arvid Lindau kuma ɗan ƙasar Suwidin ne, shi ya gano a 1926 cewa dunƙulen na ido da wanda ake samu a ƙwaƙwalwar ƙeya tushensu ɗaya. Ciwon ba shi da yawa, ƙiyasin da aka yi a Ingila ya nuna mutum ɗaya cikin haihuwa 36,000. Idan aka auna wannan da mutum miliyan 3.4 da ƙidayar 2012 ta ba jihar Maradi, za a samu kusan mutum ɗari. Ke nan ba gidanku kaɗai ba ne, sai dai yawancin sauran gidajen ba a taɓa sa wa abin da ke damunsu suna ba.

Ƙarin da aka cire wa maigida, wato hémangioblastome ɗin, ba kansa ba ce, wato ba ciwon daji ba ne. Ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta, ba ya cin naman da ke kusa da shi. Tarin ƙananan jijiyoyin jini ne da suka dunƙule wuri ɗaya, wani lokaci bai wuce santimita ɗaya ba. Ɓarnarsa daga ruwa take. Jijiyoyin nasa suna yoyo, ruwan ya taru ya zama jaka a gefensa, jakar kuma ta kan ninka ƙarin girma sau da yawa. Wurin da ya fi so shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, wadda aikinta daidaita tafiya da motsin hannu. Wurin matsattse ne, kuma ta gabansa ne ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa yake bi ta wata ƴar siririyar hanya. Jakar na girma sai ta danne hanyar, ruwa ya taru a cikin kai. Daga nan ciwon kai na asuba yake zuwa, domin kwanciyar dare na ƙara matsin, mutum ya tashi da amai, in rana ta ɗaga ya ɗan ji dama.

A ɗakin duba marasa lafiya ba na buƙatar na'ura kafin in fara zargin ƙeya. Nakan ce wa mutum ya taɓa hancinsa da manuniya, sannan ya taɓa yatsana, ya koma hanci, ya dawo. Mai matsalar ƙeya hannunsa zai taso lafiya, yana kusantar yatsana sai ya fara rawa, ya wuce ta gefe, in ya koma hanci ya sauka a kunci. Sai in ce ya bi layin siminti yana ɗora diddige a bakin yatsun ɗayar ƙafa. Taku biyu ko uku sai ya nemi bango. Na san wani mai gyaran babur da abin da ya fara kawo shi ke nan, sifana ta daina shiga kan noti, yaran shagonsa har sun fara raɗe-raɗin ko ya soma shan ƙwaya.

Mai fiɗa ƙarin kansa yake nema, ba jakar ba. In ya cire shi duka, jakar ta kan sace da kanta, kuma da wuya ya sake tsirowa a wannan gurbi. Saboda haka sauƙin da maigida ya samu na gaske ne. Amma idan VHL ce, abin da ya haifar da na farko yana nan a jikinsa, kuma wani sabo na iya fitowa a wani wuri: ɗaya gefen ƙeya, ko gindin ƙwaƙwalwa, ko cikin lakar gadon baya. Mutum 60 zuwa 80 cikin ɗari na masu ciwon suna samun irin wannan ƙari a rayuwarsu, kuma da yawansu fiye da ɗaya. Girmansa ba ya tafiya bai ɗaya, yakan yi shekaru a tsaye, sannan ya motsa, ya sake tsayawa. Shi ya sa ba duk wanda aka gani a hoto ake taɓawa ba. Wanda bai dami mutum ba akan sa masa ido, wanda ya fara kawo alamu ko jakarsa ke girma shi ake cirewa. Idan ba a yi wa maigida hoton IRM (hoton cikin jiki da na'ura mai maganaɗisu, wanda ake kira MRI da Ingilishi) na kai da gadon baya gaba ɗaya ba, tare da allurar da ke haska jijiyoyin jini, to ya kamata a yi. Sikana, ɗayar na'urar hoton cikin jiki, na ganin babbar jaka, amma ƙananan na ƙeya da na laka sukan kuɓuce mata.

Inda abin ya samo asali

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai ƙwayoyin gado, kowace iri biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wadda ake kira VHL tana kan kuromozom na 3, an gano ta a Amurka a 1993. Aikinta hana jiki ƙirƙirar sababbin jijiyoyin jini a inda ba a buƙatarsu. Akwai wani sinadari mai suna HIF da ke taruwa a duk inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, ya ba da umarni a shimfiɗa sababbin jijiyoyi a ƙara jini. In iska ta wadata, VHL ce ke sa a rushe shi. In babu VHL, HIF zai yi ta taruwa ko da iska ta ishi wurin, jijiyoyi su yi ta tsirowa suna cukurkuɗewa. Binciken wannan tsari ne ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

Ki ɗauka sa ne aka ɗaure da igiya biyu. Mai lafiya an haife shi da igiyoyinsa biyu a kowace ƙwayar halitta, in ɗaya ta tsinke ɗayar na riƙe. Mai VHL an haife shi da ɗaya a tsinke ko'ina a jikinsa. Ɗayar na riƙe, shi ya sa yaro ke tashi lafiya lau, amma cikin miliyoyin ƙwayoyin halitta dole wata rana ta tsinke a wani wuri, kuma a nan ƙari zai fito. Wannan ne dalilin da ya sa ciwon ke jira sai an girma, da dalilin da ya sa wa zai samu a ƙeya, ƙanwa a ido.

Maganar auren zumunci da jifa

A nan nake so ki kwantar da hankalinki, domin na san irin maganganun da ake jefa wa mace a irin wannan hali. Aurenku bai jawo wa maigida ciwo ba, da shi aka haife shi tun kafin a san za a yi auren. Mutanenmu sun saba da sikila, wadda a nan aka fi sani da emasi, inda sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita kafin yaro ya kamu, shi ya sa auren gida ke ƙara ta. VHL ba haka take ba, mahaifi ɗaya ya isa. Da maigidanki Bazabarma ya auro daga Doso ko Ba'adara daga Tawa, lissafin ɗaya ne: kowane ciki yana da rabi da rabi, ko ya ɗauki lafiyayyar ƙwayar uban ko ya ɗauki mai matsalar. Ba ta zaɓen namiji ko mace. Kuma rabi da rabi ba ya nufin uku cikin shida daidai, yana iya zama ɗaya, yana iya zama biyar, yana iya zama babu ko ɗaya. Ƴaƴan abokiyar zamanki da naki matsayinsu ɗaya.

Inda zumuncinku ya shigo shi ne ta wajenki ke kanki. Idan surukinki daga iyayensa ya gada, to wansa, wato mahaifinki, shi ma yana cikin rabi da rabin. Sai a dubi rayuwarsa. Fiye da 90 cikin ɗari na masu ɗauke da ciwon yana bayyana a jikinsu kafin shekara 65. Idan mahaifinki ya haura haka da ganinsa da ƙodarsa da tafiyarsa lafiya, alama ce mai ƙarfi cewa bai ɗauka ba, kuma wanda bai ɗauka ba ba shi da abin da zai ba ƴaƴansa. Ciwon ba ya tsallake uba ya faɗa kan jika. Akwai kuma yiwuwar a kan surukinki abin ya fara, domin kusan ɗaya cikin biyar na masu VHL babu shi a iyayensu. Duk da haka, ranar da za ki kai yara a duba ido, ke ma ki zauna a kujerar.

Masu cewa jifa ne ba zan yi musu da su a kan imani ba. Abin da zan ce shi ne, ciwon nan an gan shi da siffa ɗaya a Jamus da Suwidin shekaru ɗari da suka wuce, ana ganinsa a hoto, ana cire shi da hannu, ana auna shi a jini. Addu'a da sadaka da saukar Alƙur'ani ku yi, babu likitan da zai hana. Abin da nake roƙo a guje wa shi ne tsaga da sakiya da ƙaho a ƙeyar da aka yi wa aiki, da ɗiga kowane irin haɗi a ido, da kuma watannin da ake ɓatawa ana yawon neman magani alhali ruwa na taruwa a kai.

Ciwon bai tsaya a kai ba

Wannan shi ne abin da ya fi damuna da iyalai irin naku: an yi aiki, mutum ya miƙe, kowa ya yi hamdala, aka ajiye takardu a ƙasan akwati. Alhali abin da ya fi barazana ga maigida nan gaba yana iya kasancewa a cikinsa ne.

Ƙoda ce ta farko. Masu VHL suna samun jakunkunan ruwa a ƙoda, kuma har kashi 70 cikin ɗari na iya samun kansar ƙoda kafin shekara 60. Galibi tana bayyana ne wajen shekara 40, wato daidai shekarun maigida. Wannan kansa ce ta gaske, tana yaɗuwa, kuma ba ta ciwo sai ta yi nisa. Sauƙin da Allah ya sa a ciki shi ne tana girma a hankali, ƴan milimitoci a shekara, kuma da wuya ƙwarai ta yaɗu kafin ta kai santimita 3. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a riƙa aunawa, in ta kai santimita 3 a yanke ta a bar sauran ƙodar. Ba a gaggawar cire ƙoda gaba ɗaya, domin ɗayar ma tana iya kamuwa, kuma kin san wahalar wankin ƙoda a ƙasar nan. In maigida ya ga jini a fitsari, kada a ce tsargiya ce a sha magani a kwanta. A yankinmu na gulbi tsargiya ce ke fara zuwa ran kowa, amma gare shi sai an yi hoto.

Ta biyu wata ƴar halitta ce da ke zaune a saman kowace ƙoda, mai fitar da sinadarin da ke tashin bugun zuciya lokacin tsoro. Kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari suna samun ƙari a wurin, har da yara. Alamarsa takan zo ne lokaci-lokaci: ciwon kai mai tsanani, faɗuwar gaba, zufa ta karyo, fuska ta koɗe, tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, ya hau sama, bayan ɗan lokaci komai ya lafa. Sau da yawa akan ce iska ce. Haɗarinsa babba yana wajen aikin fiɗa da naƙuda, inda hawan jini zai iya tashi farat ɗaya ya yi kisa. Duk mai VHL, ko wanda ake zargi, sai an tabbatar babu wannan kafin a sa masa maganin barci don aiki.

Sauran ba zan daɗe a kansu ba. Pankiriyas, mai samar da insulin, kan yi jakunkunan ruwa waɗanda yawanci ba sa komai, ko da yake wani lokaci akan samu ƙari da ke buƙatar aiki. Cikin kunne kan yi ƙari da ke kawo ƙara da jiri da raguwar ji. Maza kan ji ɗan kumburi marar ciwo a saman ƴaƴan maraina, wanda ba a cika taɓa shi ba.

Ido kuwa zan daɗe a kansa, domin shi ne ke fara kamuwa, wani lokaci tun yaro bai kai shekara goma ba, kuma shi ne mafi sauƙin ceto. Likitan ido zai ɗiga magani, a jira kamar rabin awa ƙwayar idon ta buɗe, sannan ya haska ya leƙa can bangon baya inda gani yake. A takarda ana rubuta wannan awo fond d'œil. Abin da yake nema ɗan dunƙule ne ja mai ruwan lemo, sau da yawa can gefe, da jijiyoyi biyu masu kauri a murɗe, ɗaya na kai masa jini ɗaya na ɗaukewa. Yaron ba ya jin komai, yana karatun allonsa daidai. In an same shi yana ƙarami, akan ƙona shi da hasken leza ko a daskarar da shi, ido ya tsira. In an bar shi, zai yi ta yoyo har bangon gani ya ɓanɓaro, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Muna cewa ciwon ido sai haƙuri, amma wannan haƙuri ne ke kashe shi. Shi ya sa na ce ƙanwar maigida ta riga kowa: ido ɗaya ya rage mata, ciwon yakan kama duka biyun, kuma abin da za a gani a idonta na iya tabbatar wa gidan gaba ɗaya ko VHL ce.

Abin da za a iya yi daga Maradi

Tsarin da ƙungiyar VHL Alliance ta Amurka ta fitar ya ce a fara duba ido tun haihuwa, aƙalla sau ɗaya a shekara. Awon tansiyo daga shekara 2. Awon jini ko fitsari na ƙarin saman ƙoda daga shekara 5. IRM na kai da gadon baya da awon ji daga shekara 11, duk shekara biyu. IRM na ciki daga shekara 15, shi ma duk shekara biyu. Tsari ne mai kyau, kuma a Denmak, inda ake bin irinsa, an ƙiyasta masu ciwon da aka haifa a 2000 za su kai shekara 60 zuwa sama, alhali a da yawanci ba sa wuce 50. Amma na san aljihun ɗan kasuwa mai ƴaƴa shida wanda bai daɗe da biyan kuɗin aikin ƙwaƙwalwa ba. In na ce a yi duka, ƙarshenta ba za a yi ko ɗaya ba.

Ga yadda nake jera wa iyalai abin. Duba ido na kowa duk shekara, wannan babu ragi a kansa, ana yinsa a nan Maradi kuma kuɗinsa bai kai na sauran ba. Ku je da safe, da ɗan rakiya, domin maganin na sa gani ya yi hazo na ƴan awoyi. Awon tansiyo a duk zuwa asibiti, har ga yara, da madaurin hannu daidai girmansu. Eko na ciki, wato hoto irin wanda ake yi wa masu juna biyu, duk shekara ga duk wanda ya kai 15, a gaya wa mai hoton a fili cewa ƙoda da samanta da pankiriyas ake nema. Eko ba ta ganin ƙananan abubuwa yadda IRM ke gani, amma in ana maimaita ta duk shekara akwai kyakkyawan zaton kama ƙarin ƙoda kafin ya wuce iyaka. Shi maigida, tunda ya riga ya nuna ciwon, ya cancanci sikana ko IRM na ciki yanzu, kada a jira. Kuɗin IRM na kai a tara su dominsa, da kuma duk yaron da ya nuna alama. Ku fara daga babban asibitin jiha ko asibitin Référence na nan Maradi, su za su tura ku Yamai in da buƙata. Wasu iyalai kan nufi Kano, asibitin koyarwa na Aminu Kano, ko cibiyar fiɗar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ko ina aka je, likita ɗaya ya riƙe zaren, kuma duk hoto da takarda su zauna a jaka ɗaya, domin sai an jera hoton bara da na bana ake sanin abu na girma ko a tsaye yake.

Akwai awon jini da ke duba ƙwayar gadon kanta. Akan tura jinin waje, kuma yana da tsada. Duk da haka ina ganin ya cancanci dangi su haɗa kuɗinsa. Maigida ake fara aunawa, a gano ainihin inda matsalar take a ƙwayar gadonsa, sannan a nemi wannan wuri a jinin yara. Yaron da aka samu bai ɗauka ba ya fita daga wannan layi har abada, shi da zuriyarsa, babu eko babu IRM. In aka lissafa awon shekara da shekaru da za a huta, sai a ga kuɗin ya biya kansa.

Alamun da ba a kwana da su: ciwon kai na asuba da amai da ke ƙaruwa kwana bayan kwana, tangaɗi, ganin abu biyu-biyu, shaƙuwa da ta ƙi tsayawa ko ƙwarewa wajen haɗiya, mutuwar hannu ko ƙafa, riƙewar fitsari, raguwar gani ko ji farat ɗaya. Ba kowane ciwon kai ba ne, yaranki za su yi zazzaɓin cizon sauro da mura kamar kowa. Amma ga wani abu da ya shafi yankinmu musamman. Muna cikin ƙasar sanƙarau, kuma lokacin zafi duk wanda ya zo da ciwon kai da amai da sandarewar wuya, abin da ake fara tunani shi ne a ɗebi ruwan baya a auna. Ga mai jakar ruwa a ƙeya wannan allura na da haɗari ƙwarai, domin tana iya sa ƙwaƙwalwa ta zamo ƙasa ta danne wurin numfashi. Ki sa a rubuta wa kowane ɗayansu ƴar takarda cewa akwai VHL a gidan, a yi hoton kai kafin a taɓa baya, kuma ki faɗa da bakinki tun a ƙofa.

Maigida ya nisanci taba, domin tana ƙara haɗarin kansar ƙoda. Ya kuma bar sayen magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen a hannun masu talla, ƙodarsa abar tattali ce yanzu.

Za ki iya jin labarin wani magani mai suna belzutifan, wanda aka amince da shi a Amurka a watan Agusta na 2021. Ƙwaya ce da ke toshe aikin HIF. A gwajin da aka yi da mutum 61, kusan rabinsu ƙarin ƙodarsu ya ragu sosai, kuma ya rage na ƙwaƙwalwa da na ido a wajen wasu. Ci gaba ne na gaske. Amma ba ya gyara ƙwayar gadon, yana rage jini, yana cutar da ɗan tayi, kuma kuɗinsa a Amurka ya haura dala 20,000 a wata, wato sama da sefa miliyan goma. Kada wani ya sayar muku da wani abu da sunansa ta waya. Har yau babu maganin da ke fitar da VHL daga jiki, na asibiti ko na gargajiya.

Auren ƴarki

Ba na ganin dalilin fasa shi. Masu VHL na aure, suna haihuwa, suna riƙe gidajensu. Amma shekarunta 19, ta isa a zaunar da ita a gaya mata gaskiya, kuma in kuɗin awon jini na yaro ɗaya kawai aka samu bayan na mahaifinta, ita zan ba. In ba ta ɗauka ba, babu abin da za a faɗa wa kowa. In ta ɗauka, ko awon bai samu ba, ra'ayina shi ne mai neman nata yana da haƙƙin sani kafin a ɗaura, kamar yadda muka saba yanzu da awon sikila kafin aure. Shi da waliyyinsa sun isa, ba sai unguwa ta ji ba. Na ga inda aka ɓoye, ciwo ya tashi bayan haihuwar fari, dangin miji suka ce an yaudare su, yarinya ta rasa mai kai ta asibiti a daidai lokacin da ta fi buƙata. Kafin ta ɗauki ciki a duba idonta da cikinta da saman ƙodarta, ta yi awon ciki a inda aka san labarinta, ta kuma haihu a asibiti mai ɗakin fiɗa, irin cibiyar uwa da yaro ta nan Maradi.

Abokiyar zamanki kuma kada ta ji wannan magana daga bakinki, don kada a juya ta zuwa wani abu daban. Maigida ne zai tara ku ya faɗa, shi ne kuma zai kira ƙanwarsa da sauran ƴan'uwansa na uba ɗaya, har waɗanda ke ƙauye ko Najeriya. In nauyin ya yi masa yawa, ku zo tare da su asibiti, likita ya yi bayanin a gabansu, a kuma ba yaran shida rana ɗaya wajen likitan ido.